Hanyar da Sanyi Ke Bi a Cikin Tsohuwar Porsche 911

 Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da yayyenmu masu sana'ar gyaran esi, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu, waɗanda na san wasunsu suna jin mu yanzu haka daga gareji, rediyo na rataye a jikin bishiya, sifana na hannu. Zancen yau naku ne, amma duk mai mota zai tsinci abin da zai amfane shi.

A kan tiyo za mu yi magana. Idan esin mota ya daina sanyi, abin da ake fara tuhuma shi ne gas, sai kwampireso. Da wuya ka ji wanda ya sunkuya ya duba tiyon da ke ɗaukar gas ɗin, ya ga ta ina ya bi, me ya raɓa, me ke gogar sa. Ni kuwa a ganina rabin aikin esi a nan yake. Don in nuna muku haka zan ɗauke ku zuwa ƙasar Jamus, mu duba wata tsohuwar motar gudu da ta fi kowace wahalar da masu shimfiɗa tiyon esi, wato Porsche 911 ta shekarun 1970 da 1980.

An fara nuna wannan mota a bajekolin motoci na birnin Frankfurt a shekarar 1963. Sunan da aka fara sa mata 901 ne, sai kamfanin Peugeot na Faransa, wanda muka sani sarai saboda masana'antarsa ta Kaduna, ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce. Shi ya sa aka mayar da ita 911. A Zuffenhausen ake ƙera ta, wata unguwa ta birnin Stuttgart. Wanda ya yi zamanin Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru ba zai sha wahalar gane tsarinta ba, domin asalinsu gida ɗaya ne: Ferdinand Porsche ne ya tsara waccan, jikansa Ferdinand Alexander ya zana siffar wannan. Inji a baya yake, can bayan tayoyin baya. Babu lagireto, babu ruwa. Wata babbar fanka ce ke hura wa injin iska, baƙin mai fiye da lita 10 kuma yana taimaka mata wajen kwashe zafi. A haka aka ci gaba da ƙera ta har 1998. Gaban motar kuwa but ne, da tankin fetur, da batir.

To ku riƙe wannan hoton a zuci, mu waiwayi yadda esi ke aiki, a taƙaice, domin masu sana'ar sun sani.

Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga cikin mota ya kai waje. Kwampireso, wanda fambel ke juyawa, yana matse gas ya tura shi da zafi zuwa kwandensa. A can iska ta bi ta kansa, ya huce, ya koma ruwa. Ruwan ya ratsa ta diraya, wadda ke tace datti ta kuma tsotse danshi. Daga nan ya isa wani ɗan ƙaramin bawul mai ƙunci, ya fesu cikin ibaforeta, matsin da ke kansa ya faɗi, nan take ya tafasa. Tafasar nan da sanyi take zuwa, domin gas ɗin R134a yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri idan babu matsi a kansa, tsohon R12 kuma a wajen digiri 30 ƙasa da sifiri. Yana tafasa yana zuƙe zafin iskar da fanka ke hurawa ta cikin ibaforeta, iskar ta fito muku da sanyi. Sai ya koma wa kwampireso a sake zagaye.

A motar da injinta ke gaba, irin su Datsun 240Z ta Japan ko Jaguar E-Type ta Ingila, duk waɗannan kaya maƙwabtan juna ne. Kwampireso na jikin inji, kwandensa na gaban lagireto, ibaforeta na bayan dashbod, bango ɗaya ne tsakani. Tiyon gajeru ne. A 911 kuwa kwampireso dole ya zauna a baya inda inji yake, mutanen da ke son sanyi suna tsakiya, ibaforeta kuma ba ta sami wuri ba sai a gaba, cikin wani ɗan rami a ƙasan but. Masu wannan mota suna kiran ramin akwatin 'yan fasa-ƙwauri saboda ɓoyuwarsa, amma asalinsa wurin na'urar ɗumama mota ce mai aiki da fetur. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku abin da ke zuciyar waɗanda suka tsara ta. Mutanen ƙasar sanyi ne, ɗumi suka tanadar wa wuri. Kasuwar Amurka ce, musamman jihohi masu zafi irin su Kalifoniya da Texas da Florida, ta sa aka nema wa esi mazauni a jikin motar da ba a yi ta dominsa ba.

Ga yadda gas ke tafiya a 911 SC, wadda aka yi daga 1978 zuwa 1983, da Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989. Yana fita daga kwampireso ya hau kwandensa ta farko, wadda ke manne a ƙarƙashin murfin inji. Daga nan ya sauko ya bi ƙarƙashin mota tsawonta duka, ya je kwandensa ta biyu da ke can gaba kusa da bamba. Ya dawo diraya a ramin tayar gaba ta hagu. Ya wuce ibaforeta a cikin ramin nan na but. Sannan ya sake bin ƙarƙashin mota ya koma baya wurin kwampireso. Tiyo biyar ke nan, idan aka jera su tsawonsu ya kai wajen mita 12, a motar da ita kanta ba ta wuce mita 4 da 'yan kai ba. Kusan ninki uku na tsawonta.

Kowane taƙi na wannan tsawon yana da abin da yake ci.

Na farko, roba tana numfashi. Tiyon da aka sa wa waɗannan motoci tun asali roba ce da zare, kuma gas yana silalewa ta jikinta a hankali ko da babu huda ko ɗaya. A gajeren tiyo ba a cika lura ba. A mita 12 kuwa, mai mota yakan cika gas da bazara, kafin wata bazarar ya tarar ya ragu. A wancan zamani R12 na da arha, sai a ƙara kawai. Amma a 1974 wasu masana biyu a Amurka, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka bayyana cewa irin wannan gas idan ya tashi sama yana cinye lulluɓin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana mai cutarwa. A 1987 ƙasashen duniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal, ƙasashe masu arziki suka daina yin R12 daga farkon 1996, ƙasashe masu tasowa aka ba su zuwa 2010. Masu ƙera motoci suka koma R134a a farkon shekarun 1990. Shi kuma ya fi R12 saurin ratsa roba. Saboda haka aka fito da tiyo mai shamaki, wato wanda aka shimfiɗa wa siririn nailon a ciki. Duk wanda zai farfaɗo da esin tsohuwar 911 a yau, tiyon nan biyar su ne abin da zai fara canzawa, tun kafin ya yi zancen sabon kwampireso. Robar da ta shekara arba'in a ƙarƙashin mota ta gama aikinta.

Sai dai tiyo mai shamaki yana da nasa hali. Ba ya son a lanƙwasa shi da ƙarfi. Idan aka tilasta masa kwana mai tsanani, nailon na ciki zai karye ko ya tattare, daga waje kuwa ba za ka ga komai ba. Za ka haɗa komai, ka cika gas, geji ya riƙa nuna maka abin da ba ka gane ba, kana zargin bawul, alhali hanya ce ta toshe a wata kwana. Inda hanya ta buƙaci kwana sosai, da bakin ƙarfe mai lanƙwasa ake yin ta, mai digiri 45 ko 90, a bar robar ta tafi miƙe ko da lanƙwasa mai faɗi. Akwai kuma wani nau'i na tiyo mai shamaki da aka rage wa kauri ta waje, cikinsa bai ragu ba. Ya fi sauƙin ratsa lungunan 911, amma bakinsa na ƙarfe daban ne, ba a haɗa shi da na mai kauri.

Girman tiyo ma ba a yi masa ganganci. Lamba uku ake amfani da su. Lamba 8 tana ɗaukar gas mai zafi daga kwampireso zuwa kwandensa. Lamba 6, siririyar, ita ke ɗaukar ruwan gas zuwa diraya da bawul. Lamba 10, mai faɗin ciki rabin inci, ita ke mayar da gas mai sanyi zuwa kwampireso. Na sha ganin inda aka rasa lamba 10 aka sa lamba 8 a madadinta don kada aiki ya kwana. A gajeren tiyo ma kuskure ne, balle a wanda zai yi tafiyar tsawon mota. Kwampireso zai riƙa zuƙa kamar mai shan fura da siririn kara, yana wahala, abin da ke iso masa kaɗan.

Yanzu mu shiga ƙarƙashin motar, domin a nan ainihin aikin yake.

Abokin gaba na farko zafi ne. A ɗakin injin 911 komai a matse yake, kuma a ƙasansa akwai bututun hayaƙi da aka lulluɓe da akwatunan ƙarfe masu tara ɗumi don cikin mota, ga salansa a kwance a bayansu. Zafin waɗannan ya kai ɗaruruwan digiri. Tiyon da ya kwanta kusa da su ba zai ƙone yau ba, zai riƙa gasuwa ne a hankali har ya bushe ya tsage. Idan babu yadda za a yi a nisanta shi, sai a sa masa rigar kare zafi ko a gitta farantin ƙarfe tsakani, a bar ratar da iska za ta bi. Sannan a gefen dama na motar akwai bututun baƙin mai masu zuwa na'urar huce mai da ke ramin tayar gaba. Su ma zafi ne da su. Mai gaggawa yakan ga hanya a shimfiɗe sai ya ɗaure tiyon esi a jikinsu. Ku duba abin da ya yi. Idan lamba 10 ce, gas ɗin da ke komawa da sanyi zai isa kwampireso da ɗumi, shi kuwa kwampireso da wannan sanyin yake hucewa. Idan lamba 6 ce, ruwan gas zai fara tafasa tun a hanya, ya isa bawul da kumfa, sanyin da ya kamata a ji a cikin mota ya ƙare a ƙarƙashinta. Saboda wannan dalilin ne ma ba a haɗa tiyo mai zafi da mai sanyi a ɗaure su wuri guda, komai kyan da hakan zai yi a ido. Kuma doguwar lamba 10 ta cancanci a naɗe ta da soso mai hana zafi shiga, aƙalla a inda ta ratsa ɗakin inji.

Abokin gaba na biyu guga ce. Mota tana girgiza, tiyo yana motsi duk lokacin da kwampireso ya kama ko ya saki, domin matsi yana sa shi ɗan miƙewa da takurewa. Duk inda ya taɓa bakin ƙarfe, to ana zarta shi ne kullum kaɗan-kaɗan. Ramin da tiyo zai ratsa dole a sa masa zoben roba. Maɗauran da za su riƙe shi su kasance masu roba a ciki, kada ratar da ke tsakaninsu ta wuce rabin mita. Igiyar leda mai haƙora ɗin nan da ake ja ta kulle tana da amfani wajen gwaji, amma ba ita ce maɗauri ba: zafi yana busar da ita ta tsinke, idan kuma aka ja ta da ƙarfi ita kanta tana yanka roba.

A nan zan ba ku labarin abin da ya same ni, ba a Porsche ba, a motata ta iyali mai esi biyu, gaba da baya. Sau uku ina cika gas a cikin bazara guda. An ce kwampireso ne, na canza. Ba a yi wata ba sanyi ya sake ɗaukewa. Sai da wani dattijon makanike ya ce a ɗaga motar, ya ɗauki tocila ya bi bututun da ke zuwa baya tun daga farkonsa. A daidai wani maɗauri da robarsa ta faɗi, ya nuna mini wani ɗan tabo mai maiƙo da ƙura ta manne masa. Ya ce, “Malam, ga inda kuɗinka ke zuba.” Ramin bai kai kan allura ba. Tun daga ranar na daina yarda da maganar cewa gas ya ƙare. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, inji ba ya shan sa. In ya ragu, to akwai inda ya fita, kuma yakan bar shaida, domin man kwampireso yana fita tare da shi.

Mu koma kan 911. Ita mota ce mai ƙasa-ƙasa, tiyon kuma a ƙarƙashin dokin ƙofofi suke bi, daidai inda mutane ke kafa jak. Tiyo nawa ne aka murƙushe a haka, Allah kaɗai ya sani. Mai shimfiɗawa ya tura su can ciki, sama da layin da jak ko tudun hanya zai fara taɓawa. A ramin taya kuma, kada a yanke hukunci mota na rataye a sama tayoyi na lilo. A sauke ta ƙasa, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a danna gaban motar a ga iyakar inda taya da ƙafafunta ke kaiwa. Tazarar da ka gani tana sama ba ita ce za ka samu tana kan hanya ba. Taya kuma tana watsa tsakuwa, don haka tiyon da ke bayanta yana buƙatar kariya.

Akwai wurare biyu da ake barin sassauci da gangan. Na farko, inji yana zaune kan roba ne, yana karkata idan aka taka totur. Tiyon da ya tashi daga kwampireso zuwa jikin mota, in aka ja shi tam, bakinsa ne zai riƙa ɗaukar wannan motsi har ya tsage. Kuma masu gyaran 911 sun san cewa ayyuka da yawa sai an sauke injin ƙasa. Idan tiyon na da ɗan tsawo, sai a kwance kwampireso daga mazauninsa a jingine shi gefe ba tare da an buɗe gas ba. Wuri na biyu shi ne murfin inji. Tunda kwandensa na jikinsa, duk buɗewa da rufewa sai tiyo biyu sun lanƙwashe. A buɗe murfin a rufe sau da yawa ana kallo, a tabbata ba sa matsewa a maƙalar murfin, ba sa kuma kusantar fambel ko fankar inji.

Wani abin da ba a gani da ido shi ne mai. Man kwampireso yana yawo tare da gas ne ya dawo. Idan doguwar lamba 10 ta yi ciki a wani wuri, wato ta lotsa ƙasa tsakanin maɗaurai biyu, mai zai taru a nan kamar ruwa a kwari, kwampireso ya zauna da ƙishi. Shi ya sa ake so ta tafi a miƙe. Kuma irin man ma sai an kula: R12 da man ma'adinai yake tafiya, R134a ba ya ɗaukar wannan man, nasa PAG ne ko esta. Wanda zai sauya gas sai ya wanke kwandensa da ibaforeta, ya zuba man da ya dace gwargwadon abin da mai kwampireson ya ƙayyade, yana sane da cewa wani kaso zai shafe a bangon wannan dogon tiyo.

To yaya ake auna tiyo kafin a yanka? Shawarata ita ce kada a cire tsohon sai an ɗauki hotonsa a kowace kwana da waya. A wuraren da hannu ba ya shiga, a ɗaura igiya a bakin tsohon kafin a zare shi, igiyar ta zauna a hanya, da ita za a jawo sabon. In babu tsohon gaba ɗaya, a gwada hanyar da mesar ban-ruwa mai kaurin da ya yi daidai, domin igiya ko waya tana shan kwanar da tiyo ba zai iya sha ba, sai ta ba ka awo gajere. A yanka da ɗan rara. A sa bakunan ƙarfe ba tare da an matse su ba, a ɗaura komai a mazauninsa, sannan a ja layi da fenti daga bakin ƙarfen zuwa jikin roba. Wannan layin shi ne zai nuna wa mai injin matsewa fuskar da kowane baki ke kallo. Da zarar an matse, baki ba ya juyawa. In ya kalli inda bai kamata ba, sai dai ka murɗe tiyon ka tilasta masa, tiyon da aka murɗe kuwa kullum yana ƙoƙarin warwarewa, yana sassauta notinsa da kansa. Rubutun da ke jikin tiyo zai gaya maka gaskiya: in ya tafi a miƙe lafiya, in ya naɗe kamar igiya to a sake. Kuma kada a yi amfani da tsohon salon baki mai ƙayoyi da maɗaurin sukuru a kan tiyo mai shamaki, domin ƙayoyin suna yaga nailon ɗin da aka sayi tiyon dominsa.

Duk tsawon wannan aiki bakunan tiyo a toshe suke. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe bawul. Diraya kuma ita ce ta ƙarshe da ake buɗewa, domin daga lokacin da aka cire murfinta take fara shan danshin iska, in ta ƙoshi a waje ba abin da za ta tsinana a ciki. Zobban roba a sa sababbi, irin korayen nan da aka yi don R134a, a shafa musu ɗan man esi. A ɗaure da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa, domin bakin kwandensa da na ibaforeta laushi ne da su, suna murɗewa.

Kafin gas ya shiga, a gwada da iskar naitirojin a ga ko matsi zai tsaya. Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya yi wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi fashewa suke yi, kuma rai ake rasawa. Bayan gwaji sai a sa injin zuƙe iska, aƙalla minti 45, a irin wannan dogon tsari ma gara a ƙara. Sannan a cika gas da sikeli. Idan tsarin R12 ne aka mayar R134a, ana zuba kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin da aka rubuta wa na farkon. A sa maɓallin da ke kashe kwampireso idan matsi ya yi yawa ko ya yi kaɗan, a manna takarda mai nuna irin gas da man da aka zuba don wanda zai zo bayanka. A sa tabarau, domin ruwan gas in ya fantsama a ido daskarar da shi yake yi. Kuma a nisanta wuta daga tsohon R12, hayaƙin da yake bayarwa guba ne. Kada kuma a manta da ɗan tiyon da ke zubar da raɓar ibaforeta. In ya toshe ko ya zame, ruwa zai kwanta a ramin but, tsatsa ta ci ƙarfen da ya fi esin duka tsada.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi jin zafinsa. Tsohuwar mota irin wannan darajarta tana cikin kasancewarta yadda aka ƙera ta. Tiyo ana canza shi, kwampireso ana canza shi. Kwampireson York mai fistin da aka sa wa motocin farko, wanda ke girgiza inji, an maye gurbinsa da na Nippondenso a Carrera 3.2, yau kuma akwai waɗanda suka fi shi. Amma ramin da aka huda a jikin ƙarfe ba ya komawa yadda yake. Ra'ayina shi ne a bi hanyoyi da ramukan da kamfani ya bari matuƙar za su yi. In dole sai an huda, a fara duba abin da ke bayan ƙarfen, domin bututun fetur da na burki da wayoyin wuta suna bin tsakiyar motar, tanki kuma na gaba. A huda sau ɗaya, a goge bakin ramin, a shafa masa maganin tsatsa.

Shi kansa kamfanin Porsche ya gyara tsarin daga baya. A samfurin da ya fito a 1989, wanda ake kira 964, an ɗauke kwandensa daga murfin inji aka kai ta gaba da fankarta. Dalili a fili yake: ta kan murfi ta dogara ne da iskar da fankar inji ke ja, a cunkoson hanya iskar ba ta isa, kuma zafin da take saki kai tsaye yake shiga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi. A 'yan shekarun nan kuma an samu kwampireso mai aiki da lantarki wanda ake ajiyewa a but na gaba, sai dukan tsarin ya taru wuri guda, dogayen tiyon nan su zama ba a buƙatarsu. Yana buƙatar altaneta mai ƙarfi, kuma ba kowane mai tsohuwar mota ke son rabuwa da tsarin asali ba. Ni dai ina ganin ga wanda zai hau motarsa kullum a ƙasa mai zafi, hanya ce mai kyau.

Na san da yawa daga cikin masu sauraronmu ba za su taɓa kwanciya a ƙarƙashin 911 ba. Amma motocin iyali irin su Sienna da bas-bas masu esin baya suna shigowa garejinku kullum, kuma su ma bututunsu tsawon mota yake bi ta ƙasa, kusa da salansa, kusa da inda ake kafa jak, a kan hanyoyi masu rami da tsakuwa. Don haka ina kira ga iyayen gidanmu masu gareji: idan mota ta zo an ce gas ya ƙare, a ba yaro tocila ya bi tiyon daga kwampireso har inda ya tsaya kafin a buɗe gwangwani. Ku kuma masu mota, ku ba makanike lokacin yin haka, ku biya shi ladan dubawar.